Saniyar Takarda Ta Buɗe Bakin Yarona

Jama'a, ku matso ku ji! Yau saniyar takarda ta yi abin da jiƙo ya kasa!

Kun san ɗan farina, shekara biyu da rabi, ko "Inna" bai taɓa cewa ba. To, na shiga kasuwar Zuru sayen gishiri, sai mai littattafai ya miƙo min mai hoton jirgin ƙasa. Na ce, "Malam, ina yaron Zuru ya ga jirgi? Ba ni mai saniya."

Ina isa gida surukata ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar nan, takarda ga jinjiri? Cinyewa zai yi!"

Kunyar ɗan fari ta hana ni ɗaukarsa a gabanta. Sai na buɗe littafin a tabarma, na karanta kamar da kaina nake: "Ga saniya."

Yaro ya ƙura ido. Ya ruga turke, ya dawo da dusa cike da hannu, ya zuba kan hoton, ya ce, "Ci!"

Wallahi magana ya yi! Har sau uku!

Surukata ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo. Yanzu littafin yana cikin kwallarta, wai gobe in koma in samo mai akuya.