Bangon da Goggo Ponnamma Ta Ƙi Wankewa

Kwana uku bayan janyewar ambaliya, gidan Goggo Ponnamma, maƙwabciyarmu a garin Chengannur, ya koma fes. Amma na lura da wani wuri a jikin bango, bayan ƙofa, faɗin taƙi ɗaya, an bar shi da lakarsa. Abin ya ɗaure mini kai, don mace ce da ko keken ɗinkinta sau biyu take gogewa a rana. Shekara talatin ke nan tana ɗinka kayan 'yan makaranta a ɗakin nan.

Da ƙyar na iya tambayarta.

"Ke da digirinki ba ki gane ba?" Ta yi dariya. "A waccan ambaliyar ta baya, da aka ce mutumin inshora zai zo, sai na ɗauke shi baƙo. Na wanke gida tas, har fenti na shafa. Ya dudduba ya ce, 'Inna, to ina ruwan ya shiga?' Haka na yi asarar kekena na farko."

"Me ya hana ki bar bangon duka yanzu?"

"Fumfuna ta cinye shi, su ce sakacina ne? Takardarsu ta ce in busar da gida. Na busar, 'yar nan, amma na rage musu shaida."

Da hantsi jami'in inshora ya iso. Ya auna inda lakar ta tsaya, daidai ƙugunsa, ya rubuta cewa keken ya nutse. Goggo ta ba shi shayi, sannan ta kinkimi katifarta ta hau saman gida ta shanya.