Na Kai Waƙar Gwaggona Inda Ba Ta Aike Ni Ba

A lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina nazarin al'adun jama'a da kafofin yaɗa labarai, ga rawar kai, gani nake na fi kowa wayewa. Da aka ce kowa ya yi bincike, sai na tuna da Gwaggona, yayar mahaifina, a wani ƙauye bakin kogin Haɗeja. Gyaran shinkafa ne sana'arta, kuma in suna surfe da matan gida, waƙa take yi. Abin da mace ba ta iya faɗa wa kowa, a bakin turmi take faɗinsa, kuma kowa ya san a nan yake tsayawa.

Na roƙe ta in ɗauki waƙarta a waya. Ta yi dariya, wai 'yar boko za ta kai ta makaranta da tsufanta. Na rantse mata malamina kaɗai zai ji. Ranar kuwa ta saki jiki, ta yi waƙa a kan ɗanta tilo da ya sayar da fadamar ubansa ya sayi babur mai ƙafa uku, tana yi tana share hawaye. Malam ya yaba, 'yan ajinmu suka zuga ni, ni kuma shashasha na yanko minti ɗaya na ɗora a intanet. An fa koya mana neman izini, har jarrabawa na ci a kai.

Kafin mako ya zagayo, da ɗan nata ya tsaya a tashar garin Malam Madori abokan sana'arsa za su kunna masa waƙar. Ya ce uwarsa ta tona masa asiri a duniya, ya kwashi iyalinsa ya bar garin. Na goge ta daga intanet, amma ina, ta riga ta bazu. Gwaggo ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daina waƙa kawai ta yi.

Da ciwo ya kwantar da ita na je neman gafara. Har ta buɗe baki, sai ta dubi hannuna ta ce, "Kin kashe abin nan?" Na nuna mata babu waya a hannuna, amma ta juya fuskarta bango. Ta rasu ba su shirya da ɗanta ba.

'Yan'uwana ɗalibai, wanda ya buɗe muku cikinsa amana ya ba ku, kada yabo ya ruɗe ku. Na ci digirina da waƙar nan, amma abin yana cin raina. Muryarta tana nan a wayata, na kasa saurara, na kuma kasa gogewa.