Ɗorawar Darakta Nababa

Kafin banki ya zo Garin Maje, da abu biyu aka san Nababa: jaki mai taurin kai, da wata 'yar gona a bakin titin da ya nufi Bici. Gonar ba ta taka kara ta karya ba. In ka tsaya a wannan gefen ka yi tari, wanda ke ɗaya gefen sai ya ce maka sannu. Amma a ƙasar da gona ke jingine da gona, ake kai ƙara gaban dagaci a kan kunya ɗaya, ba a raina fili komai ƙanƙantarsa. Ga kuma wata ƙatuwar ɗorawa a bakinta, wadda ko kakansa tarar da ita ya yi. Daga ita matarsa Barira ke samun kalwar da take yin daddawa, da kuɗin daddawar nan ake cefane, ake sayen sabulu da kananzir. Nababa yakan ce shi ke riƙe da gidan. Barira ba ta taɓa musa masa ba, ba ta da lokaci.

A shekarar da aka ce kowane gari ya kafa bankin al'ummarsa, wani ɗan boko ɗan garin, Khalilu, ya dawo daga Kano da jaka a hannu da kalmar manaja a bakinsa. Fili yake nema a bakin titi. Sau uku yana taya gonar Nababa, sau uku Nababa na cewa gonar gado ba ta sayarwa.

To Khalilu ba a banza ya yi karatu ba. Ya lura ba kuɗi ne ke damun mutumin ba. Wansa na'ibin liman ne, ƙanensa ya sauke farali, shi kuwa shekara hamsin da 'yan kai yana nan Nababa zalla, ba a taɓa miƙewa an ba shi wuri a taron suna ba. Don haka a zuwa na huɗu Khalilu bai yi maganar ciniki ba.

"Baba, wa ya ce sayarwa za ka yi? Hannun jari za ka zuba da ita. Ka ga ke nan ka zama darakta."

Nababa ya gyara zama. "Shi daraktan, mene ne aikinsa?"

"Zama, Baba. Zama yake yi ana gaishe shi."

A ranar aka gama magana. Sai dai da za a tafi gaban dagaci, Barira ta tsayar da shi a bakin zaure ta ce, "Malam, ka ba su ƙasa in ka ga dama, taka ce. Ban da ɗorawa." Shi ya sa a gaban shaidu Nababa ya ɗaga murya, kamar shi ya yi tunanin, ya ce ya ba da ƙasa bai ba da itace ba. Ba wanda ya yi mamaki. A wannan yanki ana sayar da gona itacen cikinta ya zauna a hannun mai shi, 'ya'yansa su gada, sai fa in an ambace shi a bakin ciniki. Khalilu ya ce ba komai, inuwa ma suke so.

Aka gina banki ɗaki uku, aka shafa masa shuɗin fenti. Shekara shida Nababa bai yi fashi ba. Da hantsi zai zuba babbar riga, ya soka biro a aljihu ko da yake da ajami kaɗai yake rubutu, ya zauna a kujerar ƙarfe a gindin ɗorawa yana amsa gaisuwa. Wanda ya zo ajiya ya yi masa addu'a, wanda ya zo cira ya tambaye shi ko lafiya. Ba a taɓa kiransa taron daraktoci ba, amma Khalilu ya yi masa bayani cewa taro na ƙananan daraktoci ne, manya sai dai a sanar da su. Jakin ma ya sayar, don ya ce bai dace a ga mai muƙami yana bin bayan mangala ba. Har doka ya kafa wa Barira, cewa kada a kaɗo ɗorawa sai Asabar da Lahadi, saboda idon baƙi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa raga masa ba, wato Mati, ɗan kawunsa kuma abokin wasansa. Duk sanda zai wuce da fartanya a kafaɗa sai ya rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe Darakta! Yau me aka darakta mana?"

"Wuce, talaka. Ba a hayaniya a harabar banki."

"Tuba nake. Na ga kashin tsuntsu a hular ne, na ce ko riba ce aka fara rabawa."

Sai shekarun wuya suka kankama. Buhun takin zamani ya fi ƙarfin manomi, fetur ya zama sai an kwana biyu a layi, naira ta koma kamar ganyen kuka a hannu. Masu ajiya suka riƙa zuwa cira, ba mai kawowa. Manyan garin da suka ci rance suka sayi motocin haya, motocin suka zauna a kan duwatsu ba kayan gyara. Aka fara cewa a dawo gobe, goben ta koma mako mai zuwa. Wata Litinin aka ce Khalilu ya tafi kwas Legas, Talata aka wayi gari da kwaɗo a ƙofa.

Mutane ba su ga manaja ba, amma sun ga darakta a gindin itace. Wata tsohuwa da ta sayar da tumakinta biyu ta kai ajiya ta riƙe masa hannun riga tun hantsi har azahar. Ran nan kuma ya ji a rediyo ana ta gurfanar da daraktocin bankunan da suka durƙushe a gaban wata kotu ta musamman. Sauran daraktocin Garin Maje, masu motoci, tuni kowa ya tuna yana da ciwon da sai a birni ake maganinsa. Nababa ba shi da birni. Ya ce wa Barira duk wanda ya zo a ce ya tafi Gezawa gaisuwar mutuwa, ya shige ɗakin da ake tara harawa a bayan gida.

Gaisuwar nan sai da ta yi mako uku.

Mati ne ya kawo ƙarshenta. Ya yi sallama, ya gaisa da Barira, ya wuce kai tsaye ɗakin harawa kamar an yi masa kwatance.

"Ya mutanen Gezawa? Ya ƙarin haƙuri?"

"Rufa mini asiri, Mati. An zo ne?"

"An zo. Hukuma ta aiko wani yaro, Abdussalam, ya rufe bankin, ya yi gwanjon kayansa a rage wa masu ajiya asara. Alhamis za a yi. Alhaji Tasi'u zai sayi filin ya yi gidan mai. Jiya na ga ya kawo masu zarto suna auna gindin ɗorawa da igiya. Wai turmi takwas za a samu."

"Ai ba ta cikin ciniki! Kowa ya sani!"

"Kowa ya sani, amma takarda ba ta sani ba. An rubuta fili da abin da ke kansa. Dagaci ya ce shaida ba ta tsayawa sai mai abu ya tsaya."

Barira tana tsaye a bakin ƙofa da faifai a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ni dai ban iya dafa hannun jari ba. Shekara shida da kalwar nan muke ci. In aka sare ta, ka faɗa mini abin da zan ɗora a murhu."

Ranar Alhamis Nababa ya fito da tsohuwar taguwar gona, ya saɓa fartanya, yana tafe yana karanta duk addu'ar da ya sani. A gindin ɗorawar aka kafa tebur. An jera kayan banki a rana: fanka biyu, bencina, injin buga takarda, da akwatin ƙarfe a buɗe, ba komai ciki sai ƙullin robar ɗaure kuɗi. Rabin gari na wurin. Da aka hango shi sai aka dare, ana ta yi masa barka da dawowa daga Gezawa.

Abdussalam siriri ne mai tabarau, ɗan cikin birni, bai taɓa jin an raba itace da ƙasar da ya tsiro a kai ba. Sai da dagaci ya yi masa bayani sau biyu, dattawa uku suka ce a gabansu aka yi, sannan ya gyaɗa kai ya juyo.

"Baba, kai ne mai itacen? Sunanka?"

"Nababa," ya faɗa. "Nababa Muhammadu Sani."

"Mene ne haɗinka da bankin?"

Wani daga baya ya ce, "Ai darakta ne!"

Abdussalam ya ɗago kai ya dube shi, ya jawo wani fayil ya bi da yatsa daga sama har ƙasa.

"Babu sunanka a daraktoci, Baba. Su bakwai ne, ga su. Kai mai hannun jari ne kawai, cikin mutum ɗari biyu da wani abu. Ba ruwanmu da kai."

Duk mai hankali a nan zai ce alhamdu lillahi. Nababa kuwa sai ya ji kamar an zare masa wando a kasuwa. Mako uku yana kwana da ɓeraye a kan muƙamin da ashe ko a takarda babu shi. Kuma in za a bi ta gaskiya, a ɗakin harawar nan ba tsoro kaɗai ya ji ba. Akwai lokutan da yakan hango kansa an saka shi a mota ɗaya da alhazan garin, a karanto sunansa a rediyo tsakanin nasu, wansa na'ibi ya ji, ƙanensa alhaji ya ji. Abin yakan tayar masa da hankali, amma yakan sake hango shi.

"Ɗan nan, duba da kyau dai," ya ce. "Wataƙila a shafin manya yake."

Dariya ta ɓarke. Mati ya dafa kafaɗarsa. "Kai, rufe bakinka! An sake ka kana neman igiya?"

"Sake ni, Mati! Shekara shida ina zaune a nan, rana da iska. Wa ya fi ni zuwa aiki? Yaro ya zo daga birni da rana tsaka ya sauke ni?"

Abdussalam ya cire tabarau ya goge. Ba mugu ba ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa, wannan ne banki na huɗu da ya rufe a shekarar.

"Baba, bari in yi maka gwari-gwari. In ka nace kai darakta ne, zan rubuta, a bincika. Kafin a gama binciken, duk abin da ka mallaka a harabar nan sai an riƙe shi saboda haƙƙin masu ajiya, har da itacen. In kuwa ba darakta ba ne kai, itace naka ne, yanzu zan cire shi daga gwanjo. Wanne zan rubuta?"

Nababa ya ɗaga kai. Bazara ce, ɗorawa ta yi 'ya'ya jingim, sun nuna sun yi baƙi-baƙi suna reto, ko kwana goma ba za a ƙara ba a fara kaɗowa. Ya dubi masu zarton Alhaji Tasi'u da ke tsugune a gefe. Ya dubi jama'ar da shekara shida suke gaishe shi da sunan da ya ba da gonar ubansa ya samu.

"To ita gonar fa?" ya tambaya a hankali.

"Ta bi hannun jari, Baba. Shi kuma ya bi bankin. Sai haƙuri."

Nababa ya yi wata magana da ko Mati da ke kusa da shi bai ji ba.

"Ɗaga murya, Baba, shaidu za su sa hannu."

"Na ce ni ba darakta ba ne! Manomi ne ni. Ɗorawa ce tawa."

Abdussalam ya ja layi a takarda. Ba wanda ya yi dariya wannan karon, har Mati sai ya sunkuya yana gyara ƙotar fartanya wadda ba abin da ya same ta.

Sai Alhaji Tasi'u ya matso gaba. "To ni yaya zan yi gidan mai da itacen wani a tsakar filina?"

"Yadda banki ya yi, Alhaji," in ji dagaci.

"Nababa, faɗi kuɗinta in biya ka yanzu, mu huta."

Nababa ya gyara fartanyarsa a kafaɗa. Karo na farko ke nan da wani alhaji ya nemi abu a wurinsa a gaban mutane, bai kuwa yi saurin amsawa ba, sai da ya tabbatar na baya ma sun ji tambayar.

"Ba ta sayarwa, Alhaji. In kana son daddawa dai, ka aika gida."

Alhaji Tasi'u ya sayi filin duk da haka, da rangwame, ya matsar da famfon mansa can gefe. Nababa ya koma ƙodago a gonakin mutane, don ba shi da sauran tasa, gidan kuma ya ci gaba da tsayawa a kan tukunyar Barira. Bai taɓa kawo maganar gonar ba har ya tsufa. Amma in baƙo ya zauna kusa da shi ya tambayi labarin bankin da aka taɓa yi a wurin, yakan yi gyaran murya ya ce ai shi da kansa ya ajiye muƙaminsa a gaban hukuma, ana ba shi baki ya ƙi.