Ranar da ɗan Japan ya gyara mini keke

Babana ya yi yaƙin Burma. Ya dawo unguwarmu ta Nima da kofin soja, da tari, da labari ɗaya da yake ba kowa a ƙofar gida bayan la'asar. Wai 'yan Japan ba mutane ba ne, birai ne masu wutsiya, bisa itace suke kwana. Kafin su Baba su hau jirgin ruwa Turawa sun kafa musu majigi sun nuna musu, biri da tabarau, haƙora waje. Da wannan muka tashi.

Na girma na zama tela. Keken ɗinkina na Japan ne, shi ya fi araha. Baba ko hannu bai kai masa. Ana saura sati Sallah keken ya ƙi, zare sai cukurkuɗewa yake ta ƙasa, ga atamfofin matan unguwar Maamobi tuli a kan gado. In na kasa, ba wadda za ta ƙara kawo mini ɗinki. Na hau trotro, motar haya, zuwa shagon da na saye shi, suka ce za su turo mai gyara.

Wanda suka turo ɗan Japan ne, gajere, da furfura, da akwatin ƙarfe. Ya tsaya bakin zaure yana cire takalmi. Baba ya ce ba zai shiga masa gida ba. Mma, mahaifiyata, ta ce to shi ya ɗauki allura ya ɗinke wa mutane kayansu. Ni da Mma muka ciccibo keken muka aje bakin kwata, mutumin ya tsuguna ya buɗe akwati. Yaran layi suka zagaya bayansa suna leƙen wando.

Rana ta take, gumi na ɗiga daga hancin mutumin. A gidanmu baƙo bai taɓa zama haka ba ruwa. Mma ta kalli Baba, Baba ya kalli kwata.

Can ya ce da ni, "Ke, ba shi ruwa mana. Amma ba a kofina ba."

Mutumin ya sha, ya sunkuyar da kai, ya ƙarasa gyaran, ya sa ƙyalle ya taka keken, ɗinki ya fito a miƙe. Ranar jajibiri na miƙa wa matar ƙarshe kayanta.

Baba bai daina ba da labarin ba. Itacen na nan, haƙoran na nan. Wutsiyar ce ban ƙara ji ba, kuma ba wanda ya tambaye shi inda ta tafi.