Matar da Ta Hana Ni Sayen Injin Wafil

Wata rana, a wani shagon kayan kicin da ke Sabon Gari, saura ƙiris in yi wa wata baiwar Allah rashin kunya. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Bari in faro muku daga farko.

'Yata Nuratu shekararta shida. Taifot ya kwantar da ita sati biyu a asibiti. Aka sallame mu, zazzaɓi ya tafi, amma cin abinci bai dawo ba.

Tuwo, a'a. Shinkafa, a'a. Ƙwai kuwa ko warinsa ba ta son ji. Ɗan abin da take iya haɗiya da sassafe ne, tana farkawa. Rana na ɗagawa, shi ke nan, baki ya rufe.

Kayan makarantarta suka koma mata kamar na aro.

Likita ya ce mu dawo awo bayan sati biyu. In nauyinta bai ƙaru ba, gado za a sake ba mu. Nuratu na jin haka ta ƙanƙame min hijabi, don yarinyar nan ta tsani ƙarin ruwa kamar me.

Ranar Asabar da safe muka leƙa gidan yayata, Yaya Zulai, muka tarar suna karin kumallo da wafil. Kun gane shi ai, wannan mai kama da fanke amma da ramuka-ramuka.

Ina kallo Nuratu ta ɗauki ɗaya. Ta cinye. Ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu.

Jama'a, sai da na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Litinin na yi sammakon kasuwa. Irin na Yaya Zulai nake so, sak, ko ma wanda ya fi shi. Mai shago ya sauko min da wani ƙato na lantarki, mai gasa huɗu a lokaci guda, yana juyawa, ga 'yar fitila ja da kore. Ya jona shi, fitila ta kama. Wallahi har na fara hango hoton da zan ɗora muku a nan.

A gefena akwai wata dattijuwa tana zaɓen ludayi. Hijabinta ya koɗe, bayan hannunta duk tabon ƙuna ne. Tun ɗazu take satar kallona.

Can sai ta ce, "'Yar nan, wa za ki gasa wa?"

Ni kuwa kun san halina, bakina ba birki. A raina na ce, ina ruwanki? Amma na danne, na amsa a daƙile, na ce 'yata ce ba ta da lafiya, ba ta cin abinci.

Ta ce, "Allah Ya ba ta lafiya. Da wane lokaci take karɓar abincin?"

Na ce, "Da sassafe."

Ta ce, "To da sassafen kuna da wuta?"





Unguwarmu sai wajen azahar ake kawo wuta, kafin magariba an ɗauke. Ɗan janaretonmu ko dutsen guga ba ya iya ɗauka. Gidan Yaya Zulai kuwa sola ce ta cika musu rufi, wutarsu ba ta ƙiftawa. Ni da nake zaune a gidan nan shekara tara, sai da baƙuwa ta tuna min yadda gidana yake!

Ba ta tsaya jiran amsata ba. Ta juya ga mai shago ta ce, "Malam, ɗauko mata na ƙarfe, wanda ake ɗorawa a kan murhu."

Ya durƙusa can ƙasan kanta ya jawo shi. Baƙi ƙirin, ga nauyi, da dogayen hannaye biyu. Muni kam ba a magana. Na yatsine fuska.

Ta yi dariya ta ce, "Kada ki raina shi. Tanda ce aka yi wa murfi. Gas, risho, gawayi, duk wanda kika samu zai yi. Shekara talatin ina toya masa a bakin tasha, na san ƙarfe."

Nan ta tsaya, da ludayinta a hannu, ta koya min. In wanke shi, in busar a kan wuta, in shafe shi da man gyaɗa ciki da waje, in bar shi ya yi hayaƙi, har sau uku. Wuta kaɗan-kaɗan. In juya shi sau ɗaya tak.

Sannan ta rage murya ta ce, "Na farko zai kama, na biyu ma wataƙila. Kada ki kira yarinyar sai mai kyau ya fito. Mara lafiya in ya ga ƙonanne, ransa ya fita ke nan."

Kun san me na ce mata? "To."

To kawai. Na biya kuɗin ƙarfen na fito, hankalina duk ya tafi gida.

Washegari bayan sallar asuba, wuta babu, kamar kullum. Na kunna gas. Na kwaɓa fulawa da madara da ƙwai biyu, na ɓoye garin gyaɗa a ciki.

Na farko ya kama ƙam, sai da na kankare shi da cokali. Na biyu gefensa ya ƙone. Haushi ya taso min har wuya, saura kaɗan in yi jifa da ƙarfen. Na tura su ƙasan kwano na rufe.

Na uku ya fito jawur, ya saki da kansa.

Na tashi Nuratu. Ta zauna tana murza ido, ta karɓi zuma tana ɗiga wa kowane rami ɗaya bayan ɗaya. Na juya baya kamar ina wanke-wanke.

Sai na ji ta ce, "Umma, akwai saura?"

Alhamdulillahi. Ƙwan da take gudu, ga shi ta ci shi ba ta sani ba.

Kwana goma muka jera haka. A cikinsu sau ɗaya tal muka wayi gari da wuta. Da injin nan na saya, da yana kan kanta yana ƙyalli, 'yata na ci gaba da ramewa.

Ranar awo, nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta sake duba sikeli. Ta ce, "Maman Nuratu, me kike ba ta? Ku tafi gida abinku."

Daga asibiti kasuwa na zarce, da turmin atamfa a jakata. Mai shago ya ce bai san matar ba, ranar ce farkon ganinsa da ita. Ban tambayi sunanta ba. Ban tambayi wace tasha ba. Tasha uku na zaga ina leƙen fuskokin masu masa, ban gan ta ba.

Inna, duk inda kike, na gode. Na gode, na gode. Allah Ya sanyaya miki hannayen nan da wuta ta ƙona, Ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Darasi: Kafin ka sayi abu, dubi gidanka, kada ka dubi gidan wani. Kuma in baƙo ya tsaya ya ba ka shawara don Allah, yi masa godiya nan take da bakinka, don ba lallai ka sake ganinsa ba.

Don Allah ku tura wannan gaba. Wataƙila ya faɗa wayar ɗanta ko jikarta, su karanta mata, ta ji cewa yarinyar ta ci abinci.