Hanyar da Na Buɗe Ta Cikin Albasar Baba

A garinmu na ƙasar Gwaram, hanyar fadama ba ta shekara. In damina ta yi ƙarfi kogi yakan cika ya malale, ya shafe duk inda muka bi da rani. Ruwa na janyewa da kaka sai a tarar da laka ta kwanta sumul kamar daɓe, babu sawun kowa sai na tsuntsaye. Duk wanda ya fara ratsawa da keke, sawun tayarsa shi ne hanyar wannan shekara. Ba wanda ya kafa dokar. Mai keke dai ba ya son kafewa a taɓo, saboda haka in ya ga wani ya wuce lafiya, nan zai bi. Na bayansa ma haka, sai masu jakuna, sai mata masu tallar nono, daga ƙarshe shanu.

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani sosai. Ni wannan hanya na sani.

Na sayi kekena jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, tsoho ne, baƙi, ƙararrawarsa sai an buge ta da hannu take kuka. Tabarmar kaba nake saƙawa, in ɗaure a baya in kai kasuwar Sara, wani lokaci har Birnin Kudu. Akwai babbar hanya ta tudu, amma manyan motoci sun mallake ta, in sun taho sai dai ka faɗa ciyawa. Ta fadama kuwa mota ba ta taɓa shigarta ba. Kana tafe kana jin kukan jigon ban ruwa daga lambu zuwa lambu, balbelu na tashi a gabanka, sanyin ruwa na bugun ƙwaurinka. Akwai wata kanya da muke tsayawa mu tsinci 'ya'yanta. Gaisuwa kawai takan ci maka lokaci, domin kowane mai lambu sai ya ji lafiyar mutanen gida kafin ya sake ka.

Shekarar da nake son faɗa, lokacin ne kuɗin mai suka fara shigowa, ana ta zancen za a zuba kwalta. Ruwa ya janye, kowa na jiran wani ya fara. Ni kuwa ban taɓa buɗe hanya ba, kuma ina so. Ranar kasuwar Sara na yi sallar asuba, gari na wayewa na hau. Da na wuce kanyar nan sai na ga wani fili a gabana, shimfiɗaɗɗe, ba ciyawa ko ɗaya. Maimakon in zagaya ta gindin tudu kamar yadda aka yi bara, sai na miƙe ta tsakiyarsa. Taya ta tafi lafiya lau. Har a kasuwa ina gaya wa mutane cewa bana na rage musu tafiya.

Da la'asar ina dawowa na ga sawuna ya zama hanya, faɗinta ya kai taku biyu. A gefenta wani dattijo na zaune a ƙasa, da 'yar gora a hannunsa. Na san shi. Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare, ya zauna kusa da Kwandiko ya kama lambu. Kowa Baba yake ce masa.

Na sauka na gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce, "Malam, an ce kai ne injiniyan bana."

Na yi dariya na ce, "Ni ne, Baba."

"Sannu da aiki. Cikin albasata ka zuba titin naka."

Ashe jiya da yamma ya yafa irin albasa a filin, ya rufe da ƙasa mai laushi. Al'adar fadama, wanda ya yi shuka yakan kafa kara ya ɗaura tsumma a kai. Shi magariba ta riske shi, ya ce sai da safe. Ni kuma na riga shi zuwa.

Na ce, "Baba, ai ba ka kafa kara ba."

Ya ce, "Ban kafa ba. Amma kai da idonka, ka taɓa ganin kogi ya share fili ya tsince masa ciyawa?"

Ya juya gorar, ba abin da ya faɗo. Irin jar albasa ne da yake ajiyewa da kansa shekara da shekaru, irin da ba ta ruɓewa da wuri, kuma duka ya yafa. Abin da aka tattake a ranar bai kai ya kashe shi ba. Amma hanya faɗi take ƙarawa, kuma in shanu suka gane ta, to, babu sauran iri.

Washegari na saro ƙaya na tare bakin filin. Kafin azahar an janye ta, wani mai gishiri kuma ya biyo ni har gida da tayarsa a sace.

"Kai ka buɗe hanya, kai kuma ka zuba mata ƙaya? Ko da mai faci kuka haɗa baki?"

Na ba shi haƙuri, na yi masa facin da hannuna. Rana ta biyu na tsaya a wurin ina roƙon mutane su zagaya. Kowa ya ce to, ya zagaya. Ina tafiya salla suka koma ta tsakiya. Ba mugunta ba ce. Mai keke da kaya a baya ƙasa yake kallo, inda sawu ya fi zurfi nan tayarsa take bi.

A nan na gane cewa magana ba za ta yi ba, sai dai in yi wani sawun da ya fi wancan. Na cika buhu biyu da yashi na ɗaure a keke, na dinga zagaya filin ta gefe, in je in dawo. Baba na ɗebo ruwa da jigo yana jiƙa mini ƙasa don taya ta nutse. Aka samu sawu mai kyau. Amma mutane in sun iso suka ga kwana, ga kuma tsohuwar hanya a miƙe, sai su yanke.

Baba ya ce, "Ka taɓa kora shanu?"

Na ce, "A'a."

"Shi ya sa. Saniya ba a juya ta a bakin gona. Tun daga nesa ake karkata ta, ba ta sani ba."

Sai na koma can baya, gindin kanya, na fara sabon sawu daga nan, yana karkata kaɗan kaɗan har ya wuce filin ta gindin tudu. Tsohon sawun kuma muka bi shi da fartanya, muka zuba ruwa, muka shafe da ganyen giginya. Kwana uku ina wannan. Mata masu nono in sun wuce sai su ce, "Malam, har yanzu ba ka isa ba?" Cinyoyina suka yi tsami, tabarma ko ɗaya ban saƙa ba a makon.

Ranar kasuwa muka zauna a gindin kanya, ni da Baba. Wanda ya fara tahowa mai gishirin nan ne. Ya yi mana sallama bai tsaya ba, tayarsa ta faɗa sabon sawu, ya bi shi har ya ɓace. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Da hantsi jakuna suka zo suka bi. Baba bai tashi ba sai da wani garke ya wuce ta gindin tudu, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

Albasa ta tsiro kore shar a gefe biyu, tsakiya kuwa fayau, ga shatin hanyata kowa na gani. Da lokacin dashe ya yi na je na taya shi. Fangali uku ya shirya manya, irin ya cika biyu, na ukun ya tsaya a rabi. Ya ware layi guda a gefe ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na iri ne.

Na ce, "Baba, ragowar rabin fa?"

Ya dubi wurin, ya dube ni.

"Wannan naka ne, injiniya. Ka zo da irin tumatir gobe, kuma da ƙafa za ka zo."