Kawu Isufu da Ruwan Cikin Ordinatar

Ku da kuka san Kawu Isufu, ƙanen innata, kun san ba ya shiga gidan mutum da sallama kaɗai. Sai da ƙarfen nan nasa na haƙa ƙasa. Kana "Sannu da zuwa, Kawu," shi ya riga ya caka maka shi a tsakar gida, ya ɗebi ƙasa ya ƙulle a leda. Ranar sunan ɗiyata ma bai fasa ba, a gaban surukaina!

Injiniyan noman rani ne, har ya yi ritaya a nan Konni. Aikinsa ɗaya: ya zuba wa ordinatar, wato kwamfuta, bayanin ƙasa, yashi ne ko laka, da yawan ruwa da zafin rana, ita kuma ta lissafa yadda ruwan zai ratsa, ta zana masa shuɗi yana gangarawa. A wurinsa abin da ta faɗa ya zauna.

Ni abin ya fara ci. Ina da garkar albasa wajen Malbaza, ina zaman lafiyata, sai ga shi da hoto.

"Hadiza, kina kashe kanki! Dubi. Ruwanki shina wuce saiwa, shina tahiya da taki. Rage rabi."

"Kawu, ƙasar nan yashi ce fa."

"Ke kin hi na'ura sani?"

Na rage. Jama'a, albasa ta kwanta kamar an yi mata duka! Na kira shi ina huci. Ya zo ya tsaya, ya dubi garka, ya dubi ordinatar, ya ce, "Lissahi daidai yake. Ƙasar ce ba ta bi doka ba."

Sai bayan girbi ya gano ledodinsa ne suka cakuɗe. Lakar wani kwari a Badagishiri ya lissafa mini! Kuna tsammanin ya ba ni haƙuri? Cewa ya yi, "Ai da a Badagishiri kinka shuka, da kin ga albasa." Wallahi ranar don kawuna ne kawai na ƙyale shi.

Inna Rabi, matarsa, ita ma ta sha nata. Da bazara, in ordinatar ta ɗau zafi tana lissafi, sai ya ɗauke banka, wato fanka, ɗayan da ke gidan ya juya mata. Inna Rabi na zaune zufa na zuba.

"Malam, ni ba mutum ba ce?"

"Ke Allah ya ba ki zufa mai sanyaya ki. Ita wa ya ba ta?"

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, maganar rijiya ce, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Wani Alhaji maƙwabcinmu, mai motocin siminti, ya sa a haƙa masa salga jikin katanga, dab da rijiyar da duk unguwa ke sha. Kawu ya auna ƙasar, har sau biyu saboda abin da ya faru da ni, ya kai masa ordinatar har zaure. Wannan karon ja ya zana, yana rarrafe daga ramin zuwa rijiya.

"Alhaji, wanga ja da kake gani, ƙazanta ce. Damina kaɗan, jikokinka za su sha ta."

"Talabijin ce za ta hana ni gina salga cikin gidana? Tashi ka ba ni wuri!"

Da safe masu haƙa suka iske Kawu zaune cikin ramin, bisa kujera, da lema da butarsa.

"Ku ci gaba," in ji shi. "Amma da ni za ku ruhe."

Mutanen unguwa fa? Dariya suka yi ta yi! Masu kabu-kabu suna tsayawa kallo, ana cewa boko ya taɓa shi. Mutanen da a rijiyar nan suke alwala, ko ɗaya bai tsaya masa ba. Ni da ya kashe wa albasa, ni na riƙa zura masa tuwo da igiya! Aka kira jandarma, ya leƙa ya ce, "Baba, hito." Kawu ya ce, "Sauko dai ka ga hoto." Ya sauka, ya gani, ya fito yana yamutsa fuska, ya tambaya ko ruwan da aka ba shi ɗazu na rijiyar ne.

Dole Alhaji ya mai da salgarsa can ƙarshen gida. Kuma wai da Kawu ya rasu, ranar ta'aziyya, Alhajin nan ne a gaban tabarma yana cewa, "Ni na fara gane basirar marigayi." Kai! Sai da Inna Rabi ta danne mini gwiwa, don kar in tashi in tanka masa.

Ku yi ta dariyarku, ni ma ina yi. Amma lokacin da babana ya rasu, wannan mutumin ne ya riƙe hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, ya tsaya bakin taga har na daina kuka. Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.